COBOL da Ɗakin Sanyi na Dapaong

Ku samarin da kuke cika mini shago a Zongon Sokode, ku nake yi wa wannan rubutu, tunda in na buɗe baki sai ku hau duba waya. Shekaranjiya ɗayanku ya ɗora kwamfutarsa a kan injin fotokopina, ya kwafo wasu layuka daga intanet, ya danna, sai ga hoton mota yana juyawa. Ya ce, "Baba Isufu, ka ga programasiyo ke nan. Ba wuya." Na ce masa madalla, sauke mini ita daga kan gilashi. Ni aji shida na tsaya a lekol, wato makarantar boko, ba zan yi muku lacca ba. Abin da hannuna ya taɓa kawai zan faɗa. Wanda ya ga ƙarya ya je ya tambayi wayarsa.

Ta ƙofar baya na shiga sana'ar nan. Planto ne ni, wato ɗan aike, a wani biro, ofis ke nan, na sayen auduga a nan Sokode. A lokacin duk garin babu kwamfuta ko ɗaya. Kwamfutar tana Lome, ba mu taɓa ganinta ba, labarinta kawai muke ji. Abin da muke da shi injinan huda kati ne, da matan da ke buga su, da Madam Afi a kansu, wata doguwar mata 'yar kudu wadda dariya ba ta dame ta ba. Katin na kwali ne, ya ɗan fi tafin hannu tsawo, an yanke masa kusurwa ɗaya. Kati ɗaya layi ɗaya ne na program. Masu ilimi su rubuta da fensir a takarda mai gida-gida, mata su huda, ni in jera a kwali in ɗaure in bi motar Lome da shi.

Akwai kwalin da ba na mantawa. A Langabou direba ya tsaya sayen doya, yaron mota ya hau sama yana nema wa doyar wuri, ya jefo kwalina ƙasa kamar buhun gawayi. Igiya ta tsinke. Katuna suka watsu daga bakin titi har cikin rumfuna. Mata masu doya suka taya ni tsinta, Allah Ya saka musu, wata tsohuwa kuma na same ta tana fifita wutar ƙosai da guda uku. Na juyo Sokode ina jiran kora. Madam Afi ta dubi kwalin, ta dube ni, ta turo mini takardun fensir ɗin.

"Zauna ka jera su yadda suke."

"Madam, ban iya Ingilishi ba."

"Injin ma bai iya ba. Jera."

A saman kowane kati injin huda yana buga abin da ramukan ke nufi. Na zauna ina haɗa kati da layi, kati da layi, har idona ya fara gane cewa MOVE ɗauki nan ka kai can ne, ADD ƙari ne, PERFORM kuma je ka yi wancan aikin ka dawo. Da na gama ta ɗauki alƙalami mai kauri ta ja layi a karkace a gefen tulin katunan, daga kusurwa zuwa kusurwa, yadda in sun sake watsewa ido kaɗai zai mayar da kowanne wurinsa. Na ce, "Madam, ai da kin ja wannan tun farko." Ta ce, "Da na ja, da yanzu kana waje kana sharar baranda." Makarantar COBOL ɗina ke nan. Takardar shaida ba ni da ita har yau.

Ku in kun yi kuskure, nan take yake fitowa da jan launi, har ya gaya muku gyaran. Mu kuskurenmu mota yake hawa. Ya kwana a Pagala in taya ta fashe, ya isa Lome ya bi layi, sannan ya dawo bayan mako guda da takarda mai faɗin tabarma, a ƙasanta an ce ka manta ɗigo ɗaya. Ka sa ɗigon, ka sake ɗaure kwali. Shi ya sa muke karanta abin da muka rubuta kafin mu tura. Ku har yanzu ban ga wanda ya karanta nasa ba.

Madam Afi ce ta ba ni tarihin yarukan inji, tana huda tana magana. Ta ce da farko da lamba zalla ake yi wa inji magana, sai mutum ya yi wata guda yana rubuta abin da ɗan aji uku zai lissafa a ka. Da aka gaji aka ba lambobin gajerun sunaye. Sai masu lissafi suka yi nasu yaren, FORTRAN. 'Yan ofis suka ce su ma a yi musu, aka yi COBOL, wai an yi shi kamar maganar mutane don kowane dirakta ya karanta da kansa ba sai ya nemi kowa ba. Na yi aiki a ƙarƙashin diraktoci da dama, ban ga wanda ya karanta layi ɗaya ba. Daga nan kuma da idona na gani. BASIC ya zo da lamba a gaban kowane layi, aka ce ko yaro zai iya. Pascal ya fito daga jami'a yana cewa BASIC ƙazami ne. C ya zo ya ce Pascal rago ne. Yau kuna Java kuna PHP. Duk wanda ya zo jawabinsa ɗaya ne: na baya ya cuce ku, daga yau kowa zai huta. Da 'yan siyasa suka fara hawa tebur a kasuwa ban yi mamaki ba, na riga na ji jawabin a biro.

Daga baya Dapaong aka tura ni, can ƙuryar arewa, don babu ɗan Lome da ya yarda ya je. Wani aikin raya karkara ne, ana raba wa ƙauyuka taki da irin auduga, Turawan da suka kawo aikin suka kawo babban inji. Girmansa kamar firji biyu a jere, faifansa kamar tulin faranti a cikin murfin roba. An daina kati, sai allo mai koren rubutu. Aikina in riƙe program ɗin da ke cewa wane ƙauye ya nemi buhu nawa, wace mota za ta kai, kuma a gama kafin ruwan farko, don takin da ya iso bayan shuka sunansa kaya.

Injin ba ya son zafi. Don haka aka gina masa ɗaki marar taga, aka sa masa kilim, wato na'urar sanyaya ɗaki, kuma daga Lome ake aiko gazuwal, wato man dizal na janareto, da sunan injin, ba da sunan kowa ba. Wanda bai san Dapaong a watan Maris ba ba zai gane abin da nake faɗa ba. Kujerar ƙarfe ma sai ka yi mata sallama kafin ka zauna. A duk biron, kai har unguwar, wannan ɗakin kaɗai ne mutum zai shiga ya tuna sunansa. Takalmi a ƙofa ake cirewa. Ni kaɗai ke da izinin shiga, sai dirakta, Musye Lare, wanda bayan abincin rana yakan zo duba lafiyar inji. Da ido a rufe yake dubawa, a kan kujera mai jingina, kwalabensa suna bayan injin. Mutum ne da in zai ba ni umarni Faransanci yake yi, in alfarma yake nema sai ya koma Hausar kasuwa.

Sai shekarun dimokuraɗiyya suka zo. Ba wasa ba ne, kada ku ji ina raha ku ɗauka wasa ne. An kashe mutane, an ƙone gidaje, na ga motoci cike da katifu da tukwane suna wucewa arewa, wasu kuma suna gudu kudu. Amma a biro abin da ya iso mana komite ne. Kowane ma'aikaci ya wayi gari yana da ra'ayi. Shugaban namu Kombate ne, wani saurayi ɗan ƙabilar Moba da ya dawo daga jami'a a Lome. Yaro ne mai gaskiya, kuma Pascal ya iya shi da gaske, ba da baki ba. Matsalarsa ɗaya, komai ya gani sai ya ga gwamnati a ciki.

An yi taron farko a gindin dalbejiyar tsakar biro. Aka tsige mai riƙe da makullin sito, aka mayar da shi da rana don babu wanda ya san makullan. Sannan Kombate ya ɗaga takardar program ɗina sama.

"'Yan'uwa, ku dubi wannan. Duk da manyan haruffa, kamar allon jam'iyya. Layin farko ma tambayarka yake ko kai wane ne, kamar soja a shinge. Mutum ɗaya ne ya iya shi, ɗaki ɗaya yake zaune, mu talakawa ko leƙawa ba ma yi. In wannan ba jam'iyya ɗaya ba ce, mece ce?"

Aka yi tafi. Ya ce akwai ƙaramar kwamfuta a kwali a sito, irin ta kan tebur, Turawa sun bari kafin su gudu. Ba ta buƙatar ɗaki, ba ta buƙatar sanyi, kowa zai iya taɓa ta. A sauke COBOL, a mayar da babban inji Lome.

Ni a takardar aiki sunan muƙamina mai kula da babban inji. In injin ya hau mota, ni ma na hau, kuma ina da mata da yara huɗu a gidan haya. Na ɗaga hannu na ce, "Shugaba, taki fa?" Wani daga baya ya ce, "Zauna, Isufu COBOL, ɗan tsohuwar gwamnati!" Ni da ko hular jam'iyya ba a taɓa ba ni ba.

Musye Lare ya miƙe ya kare COBOL kamar shi ya haife shi. Ya ce yare ne mai ladabi, mai tsari, wanda ya san na gaba da shi. Ana shirin ɗaga hannu a ƙirga, sai tsohon mai gadinmu ya yanke jiki ya faɗi don zafi. Wani ya ce a kai shi wuri mai sanyi. Mutum huɗu suka ɗauke shi zuwa ɗakin inji, sauran suka bi don su ga jikinsa. Ina ƙofa ina cewa takalmi, takalmi, ba wanda ya ji. Mai gadi ya farfaɗo nan da nan. Amma ba wanda ya fita. Na ga Kombate ya jingina da bango, ya buɗe maɓallin wuyan rigarsa, ya lumshe ido. Can ya ce bai kamata a yanke babbar magana cikin gaggawa ba. A ranar aka zaɓi COBOL ya zama yaren riƙon ƙwarya, ba hamayya, aka kuma mayar da ɗakin inji zauren taron komite.

Na faɗa musu injin ba ya son hayaƙi, ba ya son ɓawon gyaɗa, ba ya son numfashin mutum talatin. Aka sa maganata a ƙuri'a, na faɗi. Faifan nan, kan da ke karanta shi ba ya taɓa shi, a iska yake yawo a samansa, tazarar ba ta kai silin gashi ba. Wata rana ana tsakiyar muhawara a kan wa zai riƙa hawa babur ɗin biro, sai na ji ƙara kamar ana wasa wuƙa a dutse. Na kashe, na buɗe murfi. Faifan ya yi zobe fari, garin ƙarfe a ƙasa. Na saka na ajiya, kan da ya lalace ya cinye shi shi ma. Wannan kam wautata ce, kowane mai koyo ya san ba a yi.

Lokacin ƙasar ta shiga wani dogon yajin aiki. Kudu a rufe, mu a arewa rabi muna yaji rabi muna zuwa shan sanyi. Mai gyara ba zai zo daga Lome ba, Turawa sun tafi da lambar wayarsu. Da yamma Musye Lare ya kira ni, na tarar da Kombate a zaune kusa da shi, mutum biyu da ba sa gaisawa. Da na ji ya fara da Hausa na san akwai magana.

"Isufu, ɗan'uwana. Inji ya mutu, ko ya suma?"

"Ya mutu, Musye."

"Fitila yana kamawa?"

"Fitila tana kamawa, fanka tana juyawa. Amma ba ya tuna komai."

"To ai haka dirakta na Lome yake, kuma ba a kore shi ba. Ji nan. In Lome ya ji inji ya mutu, gazuwal ya tsaya, kilim ya tafi. Kai ma ka tafi. Ka gane?"

Na dubi Kombate. Ya ce shi a matsayinsa na shugaban komite, ba zai so a tayar da hankalin ma'aikata a wannan mawuyacin lokaci ba.

Haka aka fito da ƙaramar kwamfutar daga kwali, aka kafa ta a sito, bango ɗaya tsakaninta da ɗakin sanyi. Mumuni mai gyaran kilim, mutumin Cinkassé, shi ya huda bangon ya zura waya, aka haɗa ta da injin buga takarda da ke gefen mamacin. Yaren da ke cikinta dBase ne. Kombate ya zauna da ni 'yan kwanaki ya nuna mini kansa, ya bar mini littafi na Faransanci, ya koma taro. Na kwashe sunayen ƙauyuka daga tsofaffin takardu na shigar da hannu. Sito kwano ne a sama, buhunan taki a kewaye, warinsu yana shiga ido. Ina zaune daga ni sai gajeren wando, tawul a wuya don kada gumi ya ɗiga a kan maɓallai. In na danna, sai in ji takarda tana fita a ɗaya gefen, in ji ana cewa, "Kai, tsohon injin nan akwai ƙarfi! Na da daban ne." Har da manyan haruffa nake fitar da komai don kada a ga bambanci.

Kada ku ɗauka abin kirki na rubuta. dBase na rubuta da hannun COBOL, kamar mai tuƙa babur da linzamin jaki. Abin da ake yi a layi biyar ni sai na yi hamsin. A rabon farko wani ƙauye ya sami taki sau biyu, maƙwabcinsa bai sami ko buhu ba, sai da dagatai suka zo da sanduna. Aka ce yajin aiki ne. A shekarar nan yajin aiki ya ɗauki laifin kowa, har na wanda matarsa ta yi yaji. Na gyara, motoci suka fita, mafi yawan takin ya riga ruwa isa. Damina biyu aka yi haka. Ni ne ma'aikacin ɗakin sanyi, kuma ni kaɗai ne a biron ba na shigarsa, sai da safe in je in kunna wa gawa fitila in share mata ƙura.

Abin da ya ƙare maganar ba siyasa ba ce. Wata ranar kasuwa kilim ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Mumuni ya zo ya kwance shi, ya sansana, ya ce kwamfireso ya ƙone. Ya je Cinkassé, ya tsallaka iyaka, ya dawo hannu wofi. Ya ce irin wannan an daina yin sa, sabo kuma Lome ba za ta saya wa inji mai shekaru haka ba. Ɗakin da ba taga, cikin kwana biyu ya fi sito zafi. Kafin mako ya fita komite ya zauna a gindin dalbejiya, ya gano cewa babban inji ya tsufa, COBOL kuma ragowar mulkin danniya ne. Musye Lare ya sanar da Lome cewa injin ya rasu jiya bayan gajeriyar jinya, kuma cikin hangen nesa biro ya riga ya tanadi ƙaramar kwamfuta. Lome ta yaba. Ta soke muƙamin mai kula da babban inji, ta ce za ta turo masanin dBase mai takarda.

Na shiga ofishin dirakta ban ƙwanƙwasa ba.

"Musye, wane masani? Ni na rubuta abin nan. Damina biyu ina cikin taki."

Ya amsa da Faransanci. Ya ce a iya saninsa ni ma'aikacin COBOL ne, kuma COBOL ya yi aiki lafiya har makon jiya, rahotanni suna nan da sa hannunsa. Sannan ya tashi ya rufe ƙofa, ya dawo Hausa.

"Isufu, in kai ka rubuta, yaushe ka rubuta? In damina biyu ne, to gazuwal na damina biyu wa ya sha? Ni da kai da komite duka, gidan yari ɗaya. Kana so?"

Na je wurin Kombate. Lokacin an fara kiransa Lome, yana shirin zama babba. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, ya ce tarihi ba zai manta da ni ba. Na ce tarihi yana biyan haya? Ya ce zai duba.

Masanin ya iso a motar safe, saurayi mai tabarau da jakar hannu. Aka ce in miƙa masa kaya kafin in tafi. An riga an fito da kwamfutar daga sito an ɗora a tebur mai kyalle, an goge warin taki. Na ba shi makulli, na ba shi kwalin disket, na nuna masa wayar da za ya riƙa girgizawa in injin buga takarda ya ƙi. Kayana suna ɗaure a tasha, matata da yara suna zaune a kansu suna jiran motar Sokode. Ya buɗe program ɗin, ya fara gangarawa. Ya gangara, ya gangara. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Baba, don Allah wane jaki ne ya rubuta wannan?"

Musye Lare yana tsaye a bakin ƙofa yana kallona.

Na ce wa saurayin, "Ban sani ba, Musye. Ni mutumin COBOL ne."